Duba jakar ƙwai a shanu: abin da muka gani a wajen aiki

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ina aikin ɗurar maniyyi ga shanu a kewayen Zariya, kuma ina roƙon malamai su faɗi abin da suka gani da idonsu game da jakar ƙwai, wato ƙullutun ruwan da ƙwan saniya ke girma a ciki. A farkon aikina nakan jira jakar Bunaji ta kai milimita 16 kamar ta Holstein (saniyar madara ta Turai), sai in dawo washegari in tarar ta riga ta fashe ta saki ƙwan. Daga baya na gane cewa shanu masu tozo sukan saki ƙwai tun jakar tana tsakanin milimita 10 da 13.

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. Ni abin da ya gyara mini aiki shi ne daina yanke hukunci da dubawa ɗaya. A cikin kwana 21 na zagayen saniya, jakunkuna suna tasowa rukuni biyu ko uku, kowane da babbarsa, amma ta rukunin ƙarshe ce kaɗai ke fashewa. A na'urar hoton ciki kuwa, wadda ke girma da wadda ta fara lalacewa duk baƙaƙe ake ganinsu, sai an sake aunawa bayan kwana biyu ake bambance su. Na taɓa samun Bokoloji mai jaka fiye da milimita 25, mai ita yana murna domin kullum tana neman bijimi, amma da na koma bayan kwana goma jakar tana nan ba ta fashe ba. Cuta ce, kuma sai da aka yi mata allura zagayenta ya daidaita.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Likita ya yi gaskiya. Mu daga mayanka muke karɓo gidan ƙwai, wato inda jakunkunan ke tasowa a cikin saniya, mu zuƙe jakunkuna masu milimita 2 zuwa 8. Ƙwan da muke ɗauka shi ne wanda ƙwayoyin da ke ciyar da shi suka lulluɓe sosai, cikinsa kuma launi ɗaya. Da bazara irin wannan yakan yi mana wuya, kuma illar zafin ba ta gushewa nan take ko da damina ta sauka.

Makiyayi: Ranka ya daɗe, Likita, ni ba ni da na'ura, amma da rani an lalubi shanuna ta dubura aka ce gidan ƙwansu ƙanana ne sumul, babu abin da ke tasowa. Da na dage da dusa da harawa da gishirin lasa suka yi jiki, sai suka dawo neman bijimi, yawanci cikin dare.