Limfosait ɗin yarona ya kai kashi 61, me wannan ke nufi?

Uwar Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum. Don Allah masu aikin asibiti ku taimaka min, kwana biyu ke nan ban runtsa ba. Autana shekararsa uku da wata huɗu. Tun da hunturun nan ya kama yake fama da mura da tari, makon jiya zazzaɓi ya yi masa kwana uku ya sauka. Ranar Talata ina masa wanka na ji 'yan ƙulluttai biyu a gefen wuyansa, ƙasan kunne, kamar ƙwayar gujiya. A asibiti aka gwada maleriya babu, sai aka rubuta gwajin jini gaba ɗaya. Takarda ta fito, a layin limfosait an sa 61% da harafin H a gefe (alamar ya yi sama), a gabansa kuma wai daidai shi ne 20 zuwa 40. Ba za mu ga likita ba sai Litinin. Ni da karambani na buga kalmar a waya, abin da ya fara fitowa sankarar jini. Yaron dai yana cin tuwonsa, yanzu haka yana tsakar gida yana korar kaji. Mene ne limfosait ɗin nan?

Malamin Lab, Arkilla:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, duba takardar ki rubuto min lambobi uku: WBC (yawan fararen ƙwayoyin jini), HGB (sinadarin jan jini) da PLT (ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini). Kashi shi kaɗai ba ya faɗar komai. In aka ce miki rabin buhu, ai sai kin tambayi girman buhun.

Uwar Biyu:
WBC 9.2, HGB 11.2, PLT 310.

Malamin Lab:
Alhamdu lillahi, sha ruwa ki zauna. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙar cuta a jiki, iri biyar ne, manyan cikinsu biyu su ne nutrofil da limfosait. WBC 9.2 na nufin farare 9,200 a ɗan ɗigon da muke kira maikirolita. Kashi 61 na wannan ya kama wajen 5,600. Ga babban mutum ya ɗan haura, don namu yakan tsaya tsakanin 1,000 da 4,800. Amma ga ɗan shekara uku wannan yana cikin gida. Yara ƙanana limfosait ɗinsu ya fi nutrofil yawa, sai sun kai shekara huɗu zuwa shida abin ke juyawa. Wancan 20 zuwa 40 ma'aunin manya ne, kuma injinan da yawa da shi aka saita su, ba ruwansu da shekarun mai jinin. Kullum sai na ga uwa ta fito da takarda hannunta na rawa saboda H ɗin nan.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Yawancinmu 'yan Afirka ta Yamma jan jininmu ba shi da wata alama da ake kira Duffy, rashinta ma yana kare mu daga wani nau'in maleriya mai suna bibaks. Masu irin wannan jini nutrofil ɗinsu kan zauna ƙasa kaɗan alhali lafiyarsu ƙalau. In nutrofil ya yi ƙasa, dole kashin limfosait ya yi sama a lissafi. Sannan mura cutar bairas ce, ita ma takan ɗaga shi na ɗan lokaci. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne HGB da PLT ɗinsa, don sankarar jini ta saba taɓa su.

Inna ta Runjin Sambo:
Ɗiyata, wanga abu kaluluwa ta. Ɗiya takwas na raina, babu wanda bai yi ta ba. In yaro ya yi tuntuɓe yatsa ya ƙuna sai ta fito mai ga matsematsi, in maƙoshi na ko kunne sai ta fito ga wuya. Abin da nika roƙonki, kada ki bari kowa ya ce a kai shi ga wanzami a tsaga. Wata maƙwabciyarmu ta yi haka, wurin ya ruɓe, sai da anka kwana asibiti. Ki bar matsa ta kuma, yawan taɓi na sa ta daɗe.

Ɗalibin Likita, Gawon Nama:
Inna ta yi gaskiya, kuma kaluluwar da limfosait ɗin zance ɗaya ne. Anti, ki ɗauki kaluluwa kamar zauren mai unguwa, inda ake kawo baƙon da aka kama a duba fuskarsa. Jikinmu yana da irinsu ɗaruruwa, cike da limfosait. In ƙwayar cuta ta shiga ta maƙogwaro, ana kai ɓurɓushinta kaluluwar wuya. Limfosait ɗin da ya gane ta sai ya shiga rabuwa, ɗaya ya zama dubbai cikin 'yan kwanaki. Cunkoson nan shi kika taɓa.

Limfosait dukkansu a ɓargo ake haifarsu. Masu suna B su ke ƙera antibodi, wani sinadari da ke manne wa ƙwayar cuta. Masu suna T sai sun je horo a taimos, wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji, wanda sai a 1961 wani masani, Jacques Miller, ya gano amfaninsa. A can ake kashe waɗanda za su iya far wa jikin mai su. In tacewar ta samu matsala ne ake samun ciwo irin sukarin yara, inda T ke lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Cikin T ɗin akwai CD4, masu ba da umarni, su ne HIV ke ci, shi ya sa ake ƙirga su, kuma in sun sauka ƙasa da 200 garkuwa ta faɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa mantuwa. Bayan an ci yaƙi wasu kan zauna shekaru da hoton abokin gaba, kuma a kan wannan aka gina rigakafi. Ƙyanda kuwa waɗannan masu tunin take bi ta kashe, shi ya sa yaro kan warke daga ƙyanda sai gudawa da ciwon huhu su yi ta bin sa. Ki duba katinsa ki tabbata ya samu allurarta.

Amma kada mu wuce gona da iri, ba mu ga yaron ba. Litinin ki je. In kuwa kika ga ƙullutun yana girma da sauri, ko ya yi tauri ba ya motsi, ko yaro ya ɗashe, ko dasashi na jini, ko yana kukan ciwon ƙashi, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, kada ki jira Litinin. Haka in muƙamuƙi ya kumbura cikin 'yan makonni, don akwai sankarar limfosait masu suna B da wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kama yara a yankunan maleriya, kuma tana jin magani in an zo da wuri. Tarin fuka ma kan zauna a kaluluwar wuya, ki faɗa wa likita in akwai mai dogon tari a gidan.

Malamin Lab:
Ƙari ɗaya Hajiya: kada mai kemis ya haɗa miki da deksa ko firedinisolon wai don kumburi ya sauka. Suna karya limfosait, kuma in akwai wani abu a ɓoye sai su rufe shi gwaji ya kasa gani. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki roƙi likita a shafa jinin a gilashi a duba da madubin lab, ido ya ga siffarsu.

Uwar Biyu:
Allah ya saka muku da alheri, Inna na gode. Na sake dubawa sau ɗaya, ƙulluttan suna gudu ƙarƙashin yatsa kuma bai ce zafi ba. Katin na nan, ya yi allurar ƙyanda ta wata tara, amma wurin ta wata goma sha biyar babu sa hannu, lokacin muna ƙauye wajen rasuwa. Malam, ana iya yi masa yanzu yana shekara uku, ko sai murar ta gama? Zan tafi da katin ranar Litinin.