Tseren da ake tattalin batir, tsere ne kuwa?

Malam Habu Makanike: Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya yaran gareji suka ishe ni da zancen Formula E, gasar tseren motocin lantarki, wai a kakar 2026/27 za a fito da sabuwar mota mai suna Gen4, wai daga nan Formula 1 ta ga ta kanta. Ni dai ga tawa, wanda zai ji haushi ya ji: wannan ba tsere ba ne. Tsere shi ne ka take totur har ƙasa, wanda ya fi zuciya ya wuce. A Disamban 2021 da aka fara Formula 1 a Kornish ɗin Jidda, ko tikiti ban saya ba, daga nesa na tsaya, amma ƙarar injin har cikin ƙirjina nake jin ta. Su kuwa waɗannan sai wani fito kamar keken ɗinki, direba yana gudu yana lissafin batir. Shekara 22 ina kwance ƙarƙashin mota a garin nan na Jidda, ban taɓa ganin an yabi mota don ta iya rowa ba.

Usman Ɗan Makka: Wa alaikumus salam Kawu. A gafarce ni, amma ka yanke hukunci kan abin da ba ka gani ba. Ni na je tseren Formula E na Jidda a Fabrairun 2025, daren Juma'a. A zagayen ƙarshe, ana dab da layi, Maximilian Günther ya ƙwace na ɗaya daga hannun Oliver Rowland. Mutumin da ke kusa da ni ya zubar da shayinsa a kan jallabiyata bai ma sani ba, ni ma sai da aka gama na lura. Kuma da yake babu rurin inji, kana jin kukan taya a kwana, kana jin lokacin da mota ta gogi 'yar'uwarta. Washegari Rowland ya rama, kuma shi ya ɗauki kambun kakar da motar Nissan.

Malam Habu Makanike: To me ya sa aka wuce shi a ƙarshen? Ba don wutarsa ta ja baya ba? Ai maganata ka tabbatar, ɗana.

Usman Ɗan Makka: Don ya kashe tasa da wuri, ɗayan ya adana. Wannan ai dabara ce, Kawu.

Alhaji Sani Direba: Habu, a nan kam ban bi ka ba. Ni da nake jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Madina, sama da kilomita 400, na san direba ba a ƙafarsa kaɗai yake ba. Akwai yaron da muka taɓa aiki tare, kullum shi ke riga kowa isa, kullum kuma shi ke kan gaba wajen cin mai da taya da birki. Mai motar bai yi wata shida ba ya karɓe makullinsa. Wanda ya san inda zai sassauta da inda zai ba ta wuta, shi ne direba. Su ma 'yan Formula 1 ɗin naka, ba ka jin ana ce musu a rediyo su lallaɓa taya? Tun 2010 aka hana su shan mai a tsakiyar tsere, da abin da aka zuba musu suke ƙarasawa.

Injiniya Bashir (Riyad): Ina tare da Alhaji, amma gaskiya ɗaya ce, Malam Habu yana da abin kamawa. A tseren Formula E na Portland, a Amurka, a 2023 an ƙirga wuce-wuce sama da 400. Masu tallar gasar suna ta murna, alhali dalilin shi ne babu mai son zama a gaba. Na gaba shi ke keta iska, na bayansa yana fakewa da shi yana adana wuta. Sai ka ga manyan direbobi suna tafiya a dunƙule, kowa yana cewa ɗan'uwansa bismilla, sai kusa da ƙarshe a ɓarke da gudu. Wannan ni ma yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma wasu direbobin da kansu sun koka. Abin da nake jira a Gen4 ke nan, in ga ko za ta kashe wannan ɗabi'a.

Sai dai a duba daga ina aka taso. Gasar nan a Satumban 2014 aka fara ta a Beijin, Lucas di Grassi ya ci tseren farko. A lokacin batir ba ya kai direba ƙarshe. Tsakiyar tsere zai shigo, ya kwance bel, ya yi tsalle ya faɗa mota ta biyu. Haka aka yi kaka huɗu ana yi musu dariya. Ranar da aka daina wannan, a ƙasar nan ce, Saudiyya: Disamban 2018 a Dir'iyya, tseren farko na Gen2, wato zubi na biyu na motar gasar, wanda António Félix da Costa ya ci. Ina wurin, ruwan sama ma ya hargitsa shirin safiyar. Daga nan aka zo Gen3 mai kilowat 350. Gen4 kuwa kilowat 600 ce, ƙarfin doki sama da 800, kuma tayoyi huɗu duka suna ja daga farko har ƙarshe. Cikin shekara 12 ke nan.

Hajiya Rabi: Ni ban san kilowat ba, ƙanena, amma ina da tambaya. In abin yana da albarka haka, me ya kori manyan? Maigidana ya ce Mercedes ta ci kofi sau biyu ta tattara ta tafi.

Injiniya Bashir (Riyad): Gaskiya ya faɗa, Hajiya. Audi da BMW sun fita bayan kakar 2021, Mercedes ta bi su a 2022, McLaren ma ta tafi a 2025. Amma Porsche da Jaguar da Nissan suna nan, kuma sun sa hannu za su yi zamanin Gen4. Citroën ta shigo. Kasuwa ce, wani na naɗe tabarma wani na shimfiɗawa.

Malam Habu Makanike: To Injiniya, amsa mini wannan. Me ya sa sai da sanyi suke zuwa, kuma da dare? Su zo a watan Agusta da azahar mana, lokacin da sitiyari ba ya taɓuwa. Batirin mota na yau da kullum ma a garin nan da ƙyar yake shekara biyu, ni nake canza wa mutane. Sannan sun yanke filin. Na Formula 1 ya haura kilomita 6, nasu kusan rabinsa ne.

Usman Ɗan Makka: Kawu, Formula 1 ɗin ma da dare ake yin ta a Jidda, kuma ba a Agusta ba.

Injiniya Bashir (Riyad): Haka ne, amma batun fili Malam ya yi gaskiya. A doguwar hanya miƙaƙƙiya Formula 1 ta fi su nesa ba kusa ba, kuma Gen4 ba za ta goge wannan tazara a kaka ɗaya ba. Duk yaron da ya ce maka Formula 1 ta mutu, zumuɗi ne. Zafi kuma abokin gabar batir ne, musamman wajen caji da sauri. Shi ya sa abin da aka fara a Jidda a 2025 ya fi burge ni, wanda suke kira Pit Boost: mota ta tsaya, a jona mata caji mai kilowat 600 na daƙiƙa 30, ta samu ƙarin kashi 10 cikin 100. In batir ya jure wannan duka a gaban jama'a, injiniyoyi sun koyi abin da zai sauko kan motar haya wata rana.

Alhaji Sani Direba: Wata rana ɗin dai. Yau litar mai 91 riyal 2.18 ce, gidan mai ko'ina, minti biyar na cika tanki. Ina ɗauke da tsofaffi bakwai da jarkokin zamzam, ba zan tsaya a tsakiyar hanyar Hijira ina neman wurin caji ba. Tseren na yarda tsere ne. Motar ce ban shirya saye ba.

Hajiya Rabi: Amma Alhaji, jirgin ƙasan Haramaini da ke ɗauke muku fasinja tun 2018 ai da lantarki yake tafiya. Na shige shi zuwa Madina, kafin jikata ta gama barcinta mun isa.

Alhaji Sani Direba: Shi wayarsa tana bisa kansa, Hajiya, ba ya ɗaukar wutarsa a ciki.

Malam Habu Makanike: Bari in faɗi abin da ke raina tunda an zo nan. Watan jiya wani ya kawo mini Lucid, motar lantarki irin wadda ake harhaɗawa a birnin Sarki Abdallah kusa da Rabig, wai in duba masa wata ƙara a gaba. Na buɗe, sai na tarar da wurin ajiye kaya. Babu fulogi, babu bel, babu inda zan zuba baƙin mai. Na tsaya riƙe da sifana kamar baƙo a garejina, na ce masa ya kai kamfani. Yara shida ke cin abinci a ƙarƙashina, biyu suna aika kuɗi Kano duk wata. In na ga motocin nan suna zagaya Kornish ana tafi, abin da nake gani ke nan.

Usman Ɗan Makka: Allah ya rufa asiri, Kawu. Wallahi ban kalle shi ta nan ba.

Injiniya Bashir (Riyad): Malam, ƙarar da ya kawo maka ɗin, ina kyautata zaton a ƙafa take, kuma ƙafa aikinka ce. Taya, shokozoba, sitiyari, na'urar sanyaya mota, duk suna nan, ga nauyin batir yana cin taya da ƙafa fiye da da. Abin da zai ragu shi ne juyen mai da birki. Motar tseren ma kusan kashi 40 cikin 100 na wutar da take amfani da ita daga tsayawa take samo shi. In direba ya taka birki, injin ne ke juyewa ya zama janareto, ya riƙe motar, ya mayar da wuta cikin batir. Gen3 ba ta dogara da birkin baya irin wanda ka sani ba.

Malam Habu Makanike: Tsaya. Mota mai gudun kilomita 300 a awa, kuma injin ne ke tsayar da bayanta? To in batir ya cika maƙil, ina wutar za ta je? In na'urar ta ɗauke fa?

Injiniya Bashir (Riyad): Tambayar da ta dame su ke nan a farkon 2023, har sai da aka ƙara musu birkin ko-ta-kwana. Zan zana maka yadda yake in na sauko Jidda ƙarshen wata.

Malam Habu Makanike: Ka zo garejin bayan la'asar, akwai shayi. Ka zo da zanen, zan tara yaran su ma su gani. Amma maganata ta farko tana nan, sai na ga Gen4 ɗin da idona, na ga na gaba yana gudu don ya tsere ba don an tura shi gaba ba. Usman, in an sa ranar zuwansu ka saya mana tikiti biyu, kusa da kwana nake so, inda ake taka birki.