Ɗana yana cewa 52 a ɗebe 38 saura 26, ta ina zan fara gyara masa?

Maman Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Ɗana ɗan shekara 7 ya iya tarawa, amma ɗebewa mai aro tana ba shi wuya. Idan aka ba shi 52 − 38 sai ya rubuta 26. Me zan riƙa yi masa a gida?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar tasa ta nuna inda matsalar take. Ya ga 2 a sama, 8 a ƙasa, sai ya cire ƙaramar daga babbar ya sami 6, sannan 5 − 3 ya ba shi 2. Ke nan bai gane cewa 5 ɗin nan goma biyar ne, wato hamsin ba, yana kallon kowace lamba ita kaɗai.

Ki ajiye biro tukuna. Ki samo tsinkaye kamar 100, ku ɗaure su goma-goma da zare. Ya ware ɗauri 5 da tsinke 2, ki ce ya ba ki 38. Zai tarar tsinke 2 ba sa isa a cire 8. Kada ki gaya masa mafita, ki bari shi da kansa ya kwance ɗauri ɗaya. Yanzu yana da ɗauri 4 da tsinke 12. Ya cire 8 saura 4, ya cire ɗauri 3 saura 1, amsa 14. Sai ya yi irin wannan sau da yawa da hannunsa kafin ku koma takarda, kuma idan kun koma takardar, duk ɗaurin da ya kwance, ya soke 5 ya rubuta 4 a lokacin.

Minti 10 zuwa 15 a rana ya wadatar, tambaya uku ko huɗu.

Malama Mai Lissafi: Na yarda da Malam. Ƙari a kai, Hajiya, ki sa ido kan kuskure na gaba: zai fara rubuta 24, domin ya yi aro amma ya manta rage 5. Maganinsa ya riƙa duba kansa da tarawa. 24 + 38 ya ba da 62, ba 52 ba, sai ya koma ya nemo inda ya kauce.

Kada ki kai shi lamba mai sifili a tsakiya, irin 304 − 127, sai wannan ya zauna. A can sai an fasa ɗari ta zama ɗauri goma masu tsinke goma-goma, sannan a kwance ɗaya daga ciki, shi ya sa 0 ke komawa 9.

Baban Yara: Idan yana ƙirga 12 − 8 da yatsu har ya ɓata, ku yi ta maimaita lambobin da ke haɗa 10 da baki: 8 da 2, 7 da 3, 6 da 4. Daga 8 zuwa 10 biyu, daga 10 zuwa 12 biyu, huɗu ke nan. Kuma ki duba littafinsa ki ga yadda malaminsa ke jera aikin a aji, ki bi tsari ɗaya da shi.