Yadda ake barin shan taba sigari ba tare da an koma ba

Tambaya: 'Yan uwa, mutumin da ke shan kara 20 a rana, wace hanya ce ta fi dacewa ya bi ya daina? Ragewa a hankali ko yankewa lokaci ɗaya?

Amsa: Ya tsayar da ranar dainawa cikin mako biyu, ya zubar da taba da ashana kafin ranar. Kwana 3 na farko su ne mafi wuya, saboda nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa barinta, na fita daga jiki. Ciwon kai da saurin fushi sukan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Sha'awar takan zo ta wuce cikin 'yan mintuna, ya sha ruwa ya tashi ya ɗan zaga.

Amsa: Mai shan kara 20 ya yi amfani da filastar nikotin, wadda ake mannawa a fata, mai ƙarfin 21mg na mako 6, sai 14mg na mako 2, sai 7mg na mako 2. A canza wurin mannawa kullum don kada fata ta yi ja. Cingam ɗin nikotin kuwa ba a tauna shi kamar na yara: a tauna har a ji yaji, a ajiye shi a kumatu. Wanda ya tauna da sauri zai haɗiye nikotin ɗin, shaƙuwa da tashin zuciya su biyo baya.

Amsa: Abin da ke mayar da mutane shi ne "kara ɗaya kawai" a cikin abokai masu sha. Idan filasta ta gaza, ya ga likita kan maganin varenicline, ana fara shi mako ɗaya kafin ranar dainawa.