Shawarwarin masu gyara wikin Minecraft a Jidda

Matasan Hausawan Jidda da ke gyara wikin Minecraft (shafin intanet da jama'a ke gyarawa, mai bayani kan wannan wasan kwamfuta na haƙa da gini) sun fi nanata abu guda: kada ka rubuta bayani sai ka gwada shi cikin wasan, kuma ka ambaci sigar, domin Java da Bedrock, manyan nau'o'in wasan biyu, kan saɓa. Tun sigar 1.18 ta 2021 zurfin ƙasa a wasan ya kai Y=-64 (Y shi ne ma'aunin tsayi da zurfi), lu'ulu'u ya fi yawa can ƙasa, tsohon bayani kuwa wahalar banza yake jawo wa mai haƙa.

Duba samfoti, wato yadda shafin zai fito, kafin ka adana; alamar | mai raba sassan tebur guda ta ɓace, tebur ya wargaje. Cika akwatin taƙaitawa, inda ake faɗin abin da aka gyara. In an soke gyaranka, kada ka mayar da shi da zafi. Je shafin tattaunawa, yi sallama, kawo hoton allo, sa hannu da ~~~~ (alamar da ke saka sunanka da lokaci). Jita-jitar sabunta wasan kuwa, a jira sanarwar Mojang, kamfanin da ke yin sa.