Abin da aka ce mini kan kai iyali Kotonu

Jama'a, na tambayi 'yan fadarmu a nan Yamai inda za mu kai yara a Kotonu ta ƙasar Benin wannan bakansi, to ga abin da na tattara. Alhajinmu da ya daɗe yana zuwa sayen mota ya ce farko a tambayi halin iyakar Gaya da Malanbil kafin a yanki tikitin kar (babbar motar fasinja), kuma a riƙe katin rigakafin shawara. Kuɗi ba matsala, sefa ce ɗaya da tamu.

Teku kuwa kowa ya ja kunne, wallahi har gabana ya faɗi. A bakin ruwan Fijirose igiya na da ƙarfi, tana janye yashi ƙarƙashin ƙafarka kana tsaye, ba irin ta kogin Isa ba ce da yaranmu suka saba, a bar su su yi wasan yashi su sha ruwan kwakwa amma hannunsu cikin naka. Da la'asar ya fi daɗi.

Yayata ta fi son Ganbiye, garin da aka gina bisa ruwan tafkin Nokuwe, ana shiga jirgi daga Kalabi, kasuwa ma cikin kwale-kwale ake ci. Ni dai garin Wida nake so su gani, hanyar da aka bi da bayi har ƙofar tunawa da aka gina bakin teku a 1995, yaro ya gani da idonsa.

Kasuwar Dantokpa an ce kar a shiga da ƙanana, cunkoso ya yi yawa. Masauki a nemi unguwar Zongo, ga masallaci kusa ga abinci irin namu.