Neman kalmar Hausa: "serif" a darasin haruffan Garamond

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina fassara darasin da zan gabatar ranar Alhamis kan haruffan Claude Garamond, wanda ya sassaƙa haruffan ɗab'i a Paris har rasuwarsa a 1561, yana bin salon da Francesco Griffo ya sassaƙa wa maɗaba'ar Aldus Manutius a Venice. Kalmar "serif" ce ta gagare ni, wato ɗan layin da ke bakin kowace sandar harafi.

Malama: Wa alaikumus salam. A ganina "ƙafa" ta wadatar, sai a ce haruffa masu ƙafa da marasa ƙafa.

Mai maɗaba'a: Malama, ƙafa a ƙasa take, alhali darasin zai buƙaci na sama. Yawancin haruffan ɗab'in da aka sa wa suna Garamond a farkon ƙarni na 20, irin na kamfanin Monotype na 1922, daga aikin wani masassaƙin haruffa, Jean Jannon na garin Sedan a Faransa, aka kwaikwaye su, kamar yadda masaniyar haruffan ɗab'i Beatrice Warde ta tabbatar a 1926, kuma ana gane hannun Jannon ne ta yadda layukan saman m da n da r suka karkace sosai. Haruffan kamfanin Stempel na 1925 da Adobe Garamond da Robert Slimbach ya zana a 1989 suna cikin waɗanda suka koma ga ainihin aikin Garamond. Me zai hana a ce "ƙugiya"?

Malama: Ƙugiya tana da masu ita, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma ɗalibai za su rikice. Mu ari "sarif" kawai.

Dattijo: Allah ya kiyaye! Harshen da aka yi ƙarnoni ana rubuta shi da ajami ba zai rasa sunan ɗan layi ba. Na daɗe ina cewa "geza", domin tana sama tana ƙasa kamar ta bakin mayafi.

Mai maɗaba'a: Ranka ya daɗe, ai "harafi" da "ɗab'i" ma aro ne daga Larabci.

Dattijo: Aron malamai daban, aron ragwanci daban.

Mai tambaya: Na gode, iyayena da yayyena. Zan rubuta "ƙafa", in ambaci "sarif" sau ɗaya a farko, sannan a wurin Jannon in ce "ƙafar sama".

Dattijo: Ban taɓa jin ƙafa a ka ba, amma tun da lokaci ya ƙure, je ka da ita. Ni dai a ajina geza ce.